Garkar tukwane a Ollelewa

Hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas ba ta ɓoye wa matafiyi halin ƙasa. Da mota ta bar duwatsun birni a baya, sai manyan itatuwa su fara janyewa: kuka ta ɓace, gawo ya yi ƙaranci, aduwa da magarya da ƙandili su karɓi fili, tumfafiya kuwa tana biye da gefen kwalta. A watan Janairu na bi ta, tsakiyar dari, lokacin da gonakin gero suka koma kara da kututture, buji ya tsaya a sama har rana ta yi fari. Kowa a motar ya naɗe kai, wani da rawani, wata da mayafi biyu. Gaisuwa ce ta kai ni, wajen gwaggona da aure ya kai Ollelewa tun ban yi wayo ba.

Wajen kilomita 50 daga birni matatar man SORAZ take, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man da bututu ke kawowa daga Agadem. Ƙasar da aka gina ta a kai ta gundumar Ollelewa ce, cikin yankin Tanut. Muka wuce ta, muka tsaya a Bakin Birji aka sauke kaya aka sha shayi, can gaba kuma na sauka daga kwalta na hau kabu-kabu muka shiga rairayi.

Damargu ke nan, ƙasar da aka daɗe ana kira rumbun gero. Nan ayarin Abzinawa ke saukowa da gishirin Bilma da dabino su koma da hatsi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ta a Janairun 1851, kuma a nan Damargu ne ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, kowa ya kama hanyarsa. Gero dai har yau shi ne sarki idan damina ta yi kyau. Amma damina a nan gajera ce, ruwan sama na shekara da wuya ya wuce milimita 300 da wani abu, ruwan ƙasa kuma yana can nesa. A bakin wata rijiya da muka wuce na ga shanu biyu suna jan guga, yaro na kora su, sai da suka yi tafiya mai nisa da igiya kafin gugan ya leƙo. Amalanke na jira a gefe, an jera masa bido masu ruwan ɗorawa. Wanda ya ga haka ba zai sa ran ganin fure a garin ba.

Gidan gwaggo na ƙasa ne, da zaure da darni. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, an kawo fura, sai na lura da wani lungu tsakanin ɗakinta da madafa da aka kewaye da kara da ƙayar magarya. Faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Na leƙa.

Babu tukunya ko ɗaya a ciki da aka saya don shuka. Akwai randar da ta tsage, an ɗaure ta da waya. Akwai bido da aka yanke wa kai, da manyan gwangwanayen tumatir, da tsohuwar tasa mai huji, da tayar mota da aka kwantar aka cika da ƙasa. A cikin randar lalle ne, ya kai ƙugu. Zogale biyu a ƙasa suke, an sare musu kai don kada su fi ƙarfin hannu. Na'a-na'a ta cika tasa har tana zubowa, ɗoɗɗoya na kusa da ita, sai tonka da tumatir a cikin bido, salati da albasa a cikin taya. Soso ya hau darni ya bushe a can, an bar shi don iri. Ƙamshin wurin daban yake da na sauran gidan, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a watan da ko'ina ƙura ce.

Na ce, "Gwaggo, wannan duka da wane ruwa?"

Ta ce, "Da wanda ka gama alwala da shi ɗazu, ɗan nan. Ba ka ga inda na ajiye maka buta ba?"

Sai a lokacin na gane abin da ya sa aka kafa dutsen alwala daf da randar lalle, aka ɗan karkata shi. A gidan nan ruwa ba ya aiki ɗaya ya tafi. Na ɗauraye kwanuka, in babu sabulu a ciki, na tumatir ne da tonka. Na wanki mai kumfa ba ya shiga lungun ko kaɗan, gindin dogon yaron ƙofar gida ake kai shi, shi yana jurewa. Ƙasari kuwa rigima ake a kansa, don awaki sun riga kowa saninsa. Sai ranar da aka yi surfe da yawa take ɗibar wa zogale kaɗan. A tsakiyar tayar salati ta binne wani ƙaramin tulu mai tsaga, bakinsa kaɗai ke waje, an rufe da sakaina. Tana cika shi, shi kuma yana tsatsa a hankali cikin ƙasa inda rana da iska ba su kaiwa. Ƙasar tukwanen ma haɗa ta take yi: rairayi, da kashin awaki da ya shekara, da ɗan toka, da ƙasar suri don ta riƙe laima.

Ni da na taso a birni na ɗauka rana ce babbar abokiyar gabar mai shuka a Damargu. A wannan lokaci na shekara iska ce. Da dare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, wani lokaci ya doshi 10, wanda ga mai kwana a ɗakin kara ba abin wasa ba ne. Da hantsi kuma iskar gabas maso arewa ta taso da rairayi, ta ƙone bakin ganye, ta shanye laimar tukunya kafin azahar. Shi ya sa ta kafa zana biyu a wannan ɓangaren kawai, ta bar sauran a buɗe. Kowace yamma takan yayyafa wa ganyen tumatir ruwa da hannu don ta wanke masa ƙura. Amma darin nan shi ne kuma ya ba da damar shukar. Salati da albasa da tumatir ba sa son zafi, sai a watannin nan suke sakewa.

A ƙarshen lungun, can wajen da ruwa ba ya kaiwa, wata shuka ke tsaye a cikin rabin tukunyar ƙarfe. Gindinta ya kumbura, fatarta toka-toka mai santsi, rassanta gajeru masu kauri, babu ganye ko ɗaya a jikinta. A kan kowane reshe furanni ne, bakinsu ja, cikinsu fari-fari, sun buɗe sosai. Kariya ce. Na tsuguna na daɗe ina kallonta. Ƙura ta kwanta a kan komai na gidan, har kan gashin idon yara, amma jan furen nan ya fi ƙarfinta. Gwaggo ta ce reshe ɗaya ta karyo a wani gari da ta je biki, ta bar shi a inuwa har bakin ya bushe, sannan ta soka a rairayi. Ta gargaɗe ni kada in taɓa ruwan jikinta in kai ido ko baki, dafi ne, shi ya sa ko akuya ba ta kula ta. Ba a ci, ba a sha, ba a sayarwa.

Na ce, "To me ya sa kike ajiye da ita?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "In na fito da asuba ina son in ga abu mai kyau."

Kariyar nan ita ce wadda Turawa ke saya a shagunan furanni da sunan furen hamada. A ƙasashen arewa masu ƙanƙara, irin su Suwidin da Kanada, a cikin ɗaki take rayuwa, a bakin taga, wasu har fitila suke kunna mata saboda ranar hunturunsu gajera ce. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 ta fara wahala, in aka cika mata ruwa a lokacin gindinta ya ruɓe. A Tailan kuwa sana'a ce babba, ana aurar da iri da iri ana fitar da launuka ana aikawa duniya. Mutumin Suwidin ko Kanada yana tsare ta daga ƙanƙara da kuɗi da lantarki, ita kuwa ƴar Sahel ce, a nan ba ta neman komai sai a ƙyale ta. Amma abin da ke sa matar Istokholm ta ajiye tukunya a taga cikin duhun Disamba shi ne dai abin da ya sa gwaggo ta ajiye tata cikin buji, kuma ban ga dalilin da zai sa a kira na waccan wayewa, a kira na wannan ɓata lokaci ba.

Na faɗi haka ne don na sha jin masu aikin raya karkara suna maganar garkar gida, kuma lissafinsu kullum na ciki ne: ganye nawa, miya nawa, tamowa ta ragu ko ba ta ragu ba. Lissafin gaskiya ne, ba na raina shi. Zogalen gwaggo na shiga dambu da kwaɗo a watannin da kasuwa babu ɗanyen ganye, lallenta kuma takan daka ta sayar ko ta kai gudummawar biki. Sai dai macen da ta iya raya fure don idonta, ita ce wadda ba za ta bar tukunyar tumatir ta mutu ba ranar da masu aikin suka naɗe tabarmarsu suka tafi. Son abin ne ke riƙe shi.

Noman rani ba baƙo ba ne a Nijar. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta matsa a kansa ƙwarai, kuma a inda ruwa ke kusa, irin Mirya da Gidimuni da Matamai, garake sun kafu har suna ciyar da kasuwar Damagaram da kabeji da albasa da rake. Damargu ba ta da wannan gatan sai a bakin tabki kafin ya ƙafe, ko kusa da famfon burtsatse. Don haka garka a nan ta ƙanƙance ta shige cikin gida, ta koma hannun mata, ta zama ta tukunya.

Ɗan gwaggo ya ɗauke ni a babur zuwa Tanut ta Sabon Kafi, kuma a hanya ya nuna mini wata dabarar da ta bambanta da ta uwarsa. A Dalli, kudu da Tanut kaɗan, wata ƙungiya mai suna Eden, wadda mutanen Suwidin da Norwe suka kafa, ta buɗe filin gwaji tun ƙarshen shekarun 1980. Mutanen ƙasar ƙanƙara ne, amma ba su zo da irin ƙasarsu ba. Itatuwan dajin nan masu ba da abinci suka bi, kuma hanyarsu ita ce a binne ƙwayar iri kai tsaye a gona, ba reno a leda, ba ban ruwa, saiwa ta nemi laima da kanta. Manoma na karɓar irin kyauta. A gonarsa ɗan gwaggo ya nuna mini anza da jiga da magarya da ya bari suka tashi a tsakanin kunyoyin gero, kore shar a cikin rani. Anza dai kowa a Damargu ya san ta: ƴaƴanta masu ɗaci ne, sai an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, kuma an daɗe ana jin kunyarta don ana ganinta abincin yunwa, kamar yadda aka gani a 2005. Yanzu a Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods na sayenta daga hannun matan karkara, da ita da aduwa da magarya, yana sarrafawa yana sayarwa. Abin ya faranta mini rai, don na ga an fara daraja abin da ƙasar ta yarda ta bayar.

Tanut kanta ban daɗe a cikinta ba. Kasuwa, raƙuma, Buzaye da Fulani da Dagirawa da Hausawa, motocin Belbeji na lodi a gefe. A ƙofar wata makaranta na ga dashen dogon yaro da aka kewaye da tubali, irin wanda ake yi ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai da ta zama ranar dashen itace. Wasu sun kama, wasu tubalin kawai ya rage. Bambancin, in ji abokin tafiyata, shi ne ko akwai wanda ya ɗauki itacen a matsayin nasa.

Da muka koma Ollelewa na tambayi gwaggo yadda take yi idan bazara ta shigo, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, layin rijiya ya yi tsawo, kuɗin bido ya tashi. Ta ce ai tun yanzu ta san wanda za ta fara saki. Salati ne na farko, shi ma da kansa zai yi tsiri ya yi ɗaci; takan bar guda biyu su yi iri. Albasa a tone. Tumatir a tsinke na ƙarshe a yanka a shanya kauɗa. Tonka takan ja shi inuwar ɗaki ta ga ko zai kai. Na'a-na'a takan rage ta zuwa gwangwani ɗaya ta ajiye a gindin randar sha, inda ɗigon moɗa ke sauka, don mai gida ba ya shan shayi babu ita. Lalle da zogale su ne masu rabon ruwan alwala har damina ta faɗi. Irin da ta tara kuwa yana cikin ƙullin tsumma da toka a cikin wani ɗan gora, rabi nata, rabi na maƙwabta da za su aiko yara su karɓa idan dari ya kewayo. Kariya ba ta cikin lissafin, ba a ba ta ko moɗa ɗaya sai ruwan sama ya sauka.