Talabijin da Cinikin Biri a Sama

Ƴan'uwa manoma, yau ina so mu yi magana a kan talabijin da masu tallarta.

A Ingila an rufe gidan talabijin ran 1 ga Satumba 1939, saboda yaƙin duniya na biyu. Ba a sake buɗe shi ba sai 1946. A Amurka kuma, a 1942 gwamnati ta hana ƙera akwatunan talabijin. Masana'antu suka koma yin kayan soja. Amma kamfanoni irin su RCA da DuMont ba su bar talla ba. Suna buga hoton akwatin a jarida, suna alkawarin in yaƙi ya ƙare kowa zai samu. Kaya babu a kanti, kwaɗayi kuwa yana ta girma. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Da masana'antu suka koma aikinsu, masu saye sun riga sun yi shiri.

Mu nan ba haka ta zo mana ba. An buɗe talabijin a Kaduna a 1962, amma lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, mu mutanen Ƙonni ta rediyo muke jin labari. Tele Sahel ta Yamai ta kankama a 1979. Gwamnatin Seyni Kunce ta rarraba akwatuna a garuruwa, masu aiki da hasken rana. Na tuna yadda muke shimfiɗa tabarmi bayan lisha, gari guda akwati guda. Ba wanda ya ci bashi don kallo.

Sannu a hankali kowa ya so nasa. Wasu suka sayar da albasar Galmi, suka ƙetara Illela ta Najeriya suka sayo. Sai ga farin 1984. A shekarar kuma Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai 1986. Na san wani maƙwabci da ya sayar da akwatinsa a rabin kuɗi don ya auni gero. Mai talla bai zo ya taimake shi ba.

Ba na zagin talabijin. Ta nuna mana dabarun noman rani da amfanin rigakafi, gani kuwa ya kori ji. Sai dai aikin mai talla shi ne ya sa ka son abu tun ba ka da kuɗinsa.

Yanzu da muka iya karatu, mu yi amfani da shi. In an kawo maka takardar bashi a kasuwar Malbaza ko ta Badagishiri, karanta kafin ka sa hannu. Rubuta kuɗin akwati, da na batir, da na gyara. Ka duba rumbu, ka ga ko hatsin zai kai ku kaka. Abin da ya yi saura, shi ne na kallo.