Rabin Tanki

Motar gidanmu ta girmi autanmu. Golf 3 ce mai dogon baya, ƙirar kamfanin Volkswagen ta shekarun 1990. Sai da ta gama yi wa wani Bature bauta, ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, sannan ta faɗo hannun Baba. Da ya rasu aka yi mata kuɗi a rabon gado, mu huɗu muka yarda ta zauna ta kowa. Makullinta na rataye a ƙusar ɗakin Inna, kuɗin gyaranta kuwa karo-karo ne, yawanci bayan an sayar da waken suya.

Kaɗan ne ya rage a jikinta na asali. An sauke inji sau biyu, lagireto na Belgium ne daga Kofar Ruwa ta Kano, ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai ta waje. Waɗannan ba su dame mu ba. A birni, idan tsohuwar mota ta mace, mai ita tsaki zai yi ya tari Keke Napep. Mu daga Ruwan Bore muke tasowa, mu biyo ta Mada, mu fito Kwatarkwashi kafin mu hau babban titin da ya haɗa Gusau da Tsafe. Kowa a Zamfara ya san abin da tsayuwa a wannan tsakanin ke nufi idan rana ta karkata. A watan Satumba na 2021, da aka yanke layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, wannan motar ce ta zama wayar unguwarmu. Ita ke kai labarin haihuwa, ita ke kai na rasuwa.

Duk da haka mu da kanmu muka kusa kashe ta, kuma da sunan tattali. Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Sai kowannenmu ya koma zuba daidai tafiyarsa, don kada ɗan'uwa ya ƙone masa mai. Abin kunya ne, amma haka muka yi. Wata uku allurar mai ba ta tashi daga kan ja ba. In ta matse, mu sayi galan ɗaya wajen 'yan bumburutu, ko tacewa ba ma yi.

Ranar da abin ya faru muna dawowa ne daga asibiti a Gusau, Inna na kwance a baya, an sallame ta bayan ƙarin ruwa. Mun makara, la'asar ta yi sakaliya. Mun baro Kwatarkwashi kenan, dutsen na bayanmu, sai motar ta fara shaƙewa, ta yi tari biyu, ta mutu. Damina ce, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, ba ka ganin komai sai ganye. Yaya ya murza makulli, inji na juyawa amma ba ya kamawa. Ba wanda ya ce uffan. Inna ce kawai ta ce, "Ku yi ta Hasbunallahu, ku bar kallon daji."

Ƙaninmu, wanda ya taɓa zaman gareji wata shida kafin ya gudo, ya ce a yi shiru a sake buɗe makulli. Ɗan kukan da ake ji daga baya kafin mota ta tashi, babu shi. Ya kwanta cikin taɓo ya shiga ƙarƙashi da guntun icce, yana bugun tanki, Yaya na murzawa. A bugu na nawa ne, ba mu ƙirga ba, ta kama. Ba mu sake ɗaga ƙafa daga totur ba har gida.

Washegari muka lallaɓa da ita wurin bakanikenmu a Gusau, dattijon da ya san motar tun zamanin Baba. Ya buɗe murfin da ke cikin but, ya zaro famfon mai, ya nuna mana rariyarsa ta toshe da laka. Ya ce famfon nan cikin tanki yake zaune, fetur ɗin da yake turawa shi ne kuma ke sanyaya shi. In tanki ya zauna a bushe, sai ya yi ta zafi yana zuƙar iska da datti har ya ƙone. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Samari, wagga mota ba tsuhwa ka damunta ba. Rowa ta."

A daren muka yi gardama mai zafi. Biyu sun ce a sayar, tun tana da sauran daraja. Amma a sayar a sayi me? Kuɗinta ko rabin wata tsohuwar ba zai kawo ba, kuma waccan ba mu san ciwonta ba. Wannan mun san tarinta, mun san wace ƙara ce ta salansa, wace ce ta shokozoba. Mun dai yarda cewa ɗabi'ar jira sai abu ya lalace a gyara, wadda muka gada har daga Baba, ba ta dace da hanyarmu ba.

Yanzu akwai littafi a aljihun gaban mota. Ranar juyen baƙin mai, ranar da aka canza bel, ranar da aka duba birki, duk a rubuce. Akwai sabon famfo naɗe cikin tsumma kusa da safaya, da jarkar ruwa, da fulogi huɗu. Doka ɗaya ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya: ba mai rataye makulli a ƙusar Inna sai allura ta kai rabi. Da lita ta haura naira 1,000 a 2024, an yi makon da motar ta kwana huɗu a ƙofar gida saboda wanda ya hau ta ƙarshe bai da abin cikawa, makullin na aljihunsa, yana kauce wa idon kowa. Inna ce ta kwance bakin zane ta ba shi, ta ce kada ya gaya mana.