Gwajin lodi: idan direba bai san wa'adi ba

Kamar yadda wasunku suka sani, sana'ata gyaran waya ce, harkar rumbun bayanai kuwa da dare nake koyonta. Kwanakin nan ina taya wani abokina gwada manhajar da ya haɗa wa masu shaguna, to shi ya sa na ce bari mu taɓa batun wa'adi a gwajin lodi.

Gwajin lodi shi ne ka sa kwamfuta ta kwaikwayi mutum ɗari ko ɗari biyu suna aika tambaya ga rumbun bayanai lokaci guda, ka ga inda zai durƙushe. Ni JMeter na Apache nake amfani da shi, kyauta ne. A cikin JDBC Request akwai akwatin da aka rubuta Query timeout, inda kake sa daƙiƙa nawa za a jira amsa. Idan ka bar shi fayau, ya zama 0, wato a yi ta jira har illa masha Allahu.

Matsalar ita ce ba JMeter ne ke yanke tambayar ba. Direban JDBC yake miƙa wa saƙon ta hanyar setQueryTimeout, kuma ba kowane direba ne ya san wannan umarnin ba. Tsofaffin direbobin Hive, alal misali, cewa suke Method not supported, sai ka ga gwajin ya yi ja tun daga tambayar farko. Maganin da ke rubuce a littafin JMeter shi ne ka sa -1 a akwatin, ma'ana kada ma a yi wa direba maganar wa'adi.

To fa, -1 kashe ƙorafin kawai yake yi. Duk mai gyara ya san kafin ka jona wa bodin waya wuta daga fawa saflai, sai ka saita iyakar karan da zai ja, don in akwai shot kada ayisi ya ƙone. Gwaji da -1 kaɗai kamar jona wuta ne babu iyaka. Abin da ma ya fi damuna, JMeter ba ya rubuta sakamakon tambaya sai ta dawo. Idan hamsin sun maƙale, ba za ka gan su a rahoto ba, matsakaicin lokaci ya fito tas, ka ce wa mai aiki komai lafiya, ranar kasuwa kuma manhaja ta tsaya masa cak da kwastoma a gaba.

Ni a ganina a kai wa'adin can wajen saba, tunda ita ke yin aikin, ita ya kamata ta ajiye shi. Direbobin MySQL da PostgreSQL na yanzu sun san wa'adi, amma da su zan ba da misali don su ne a hannun yawancinmu. A PostgreSQL sunan saitin statement_timeout. A MySQL kuwa max_execution_time ne, amma tambayoyin SELECT masu karatu kawai yake kamawa, UPDATE da ya maƙale ba ruwansa da shi. Duka biyun da milisakan suke lissafi, 30000 shi ne daƙiƙa 30. MariaDB nata max_statement_time ne, da daƙiƙa. Umarnin SET ɗin kana iya zuba shi a Init SQL da ke cikin JDBC Connection Configuration. In wani rumbun ne daban a hannunka, nemi irin wannan saitin a littafinsa.

Idan babu, sai a koma ga wa'adin layin sadarwa, socketTimeout, in direban yana karɓarsa a adireshin haɗi. A kula da awo nan ma: na MySQL milisakan ne, na PostgreSQL daƙiƙa, ka ga 30 a ɗayan ƙiftawar ido ce. Sannan layin kawai yake tsinkewa, tambayar na iya ci gaba da gudu a saba tana cin ƙarfinta, ta ɓata maka lissafin zagaye na gaba. Duration Assertion kuwa ba ya yanke komai, sai amsa ta iso yake cewa ta makara.

Don haka bayan kowane zagaye nakan leƙa sabar da kaina, da SHOW PROCESSLIST a MySQL ko pg_stat_activity a PostgreSQL. In na tarar da ragowar tambayoyi suna gudu, sai na tsayar da su, na ƙirga su cikin waɗanda suka faɗi, sannan na kunna wani zagayen.