Kalangun Sama

A zangon da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare a Hammadu Kafi, cikin Gombe. Ran nan ina koya wa 'yan aji shida labarin taurarin ɗan Adam. Na gaya musu a watan Disamba na 1961 aka harba OSCAR 1, wanda waɗansu masu sha'awar wayar iska a Amurka suka haɗa da hannunsu. Ba abin da ya iya sai gaisuwa da bugu irin na tangaraho. Na ce Jami'ar Fasaha ta Akure ma tana da hannu a wani ɗan ƙarami, NigeriaEduSat-1, da aka saka sama a 2017.

Sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, kai ka taɓa jin su?"

Na yi shiru. Gaskiya a littafi na gani. Don kunya sai na yi musu alkawari za su ji da kunnensu.

Alkawari kaya ne. Na tafi wurin wani tsohon malamina na makarantar Mishan, wanda ke da lasin na wayar iska. Ya ara mini ƙaramar rediyo, ya nuna mini yadda zan yi eriya da ma'aunin kafinta. Ya ce in saurari Tashar Sararin Sama ta Duniya a kan 145.825, amma kada in kuskura in yi magana, don ba ni da lasin. Tashar tana tafiya kamar kilomita 400 bisa kanmu, tana kewaya duniya cikin wajen minti 90, ba ta kuwa wuce minti goma a samanmu.

Ranar fari muka taru a filin makaranta bayan la'asar. Muka yi ta jira, ko ƙas. Yara suka watse suna dariya. Da dare na gane laifina: takardar lokacin da agogon Girinwic aka rubuta ta, mu kuwa muna gaba da awa guda.

Na faɗa musu kuskurena a aji, ko da yake ya yi mini nauyi. Rana ta biyu bakwai kaɗai suka zo, da maigadin makaranta. Can sai rediyo ta yi "ƙirrr", kamar gyare. Na kara wayata a bakinta, sai ga rubutu ya fito: RS0ISS, watau sunan kiran tashar. Yarinyar nan ce ta karanta shi da ƙarfi.

Maigadi ya ce, "Malam, yaya ƙara ke zama rubutu?" Na ce murya biyu ce kurum, babba da ƙarama, suna musanya har sau 1,200 a daƙiƙa, na'ura tana ƙirga su, tana fid da haruffa. Tsohon ya yi murmushi, ya ce, "Ashe kalangu ne. Wanda ya san kiɗan shi ke jin maganar." Na yi mako uku ina neman bayanin da zai kai wannan, ban samu ba.

To, 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, in kun shiga aji, abin da za ku iya gwadawa ku gwada shi tukuna. Gani ya kori ji. In kuwa yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinku, ku ce ba ku sani ba, sa'an nan ku tafi ku nemo tare.