Karkade Ko Zoɓo?

Ran nan cikin azumi muna zaune bisa tabarma a ƙofar gida a Maiwurno, muna jiran kiran magariba, sai muka jiyo wata tsohuwa daga cikin gida tana ce wa jikanta, "Kai, kai wa baƙi zoɓo." Yaro ya yi tsaye bai gane ba. Sai da wani ya ce masa "karkade" sannan ya ruga. Muka yi dariya, amma da muka koma gida abin ya tsaya mana a rai.

Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka sauka bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, ba a nan suka fara ganin wannan tsiro ba. Yakuwa ce, wadda suka baro a bayan gida. Ganyenta a yi miya, 'ya'yanta a yi daddawa, jan kwanson da ke rufe da 'ya'yan kuma a shanya a yi zoɓo. Mutanen Darfur ma suna dafa 'ya'yan su ruɓar da su, suna ce da shi furundu. Mafi kyawun wanda muke saye kuwa daga jigawar Kurdufan yake fitowa, wajen Rahad da Umm Ruwaba, inda ruwan sama kaɗai ke shayar da shi.

Wanda ya san zoɓo ya san ba abin sha ne mai sanyin hali ba. Ja ne wur, ga tsami mai kama harshe. In an jiƙa shi da ruwan sanyi ya kwana, ya fi laushi. In an tafasa shi da citta, sai lokacin ɗari. Shi ya sa yake son abinci mai nauyi. A haɗa shi da agashe mai ƙuli da yaji, tsaminsa ya wanke maiƙon, mutum ya sake miƙa hannu. Da buɗa-baki yana zama kusa da hilu-mur, a bi shi da asida da miyar tagaliya. Amma kada a gwama shi da madara, nan take za ta tsinke.

Har Turai ya kai. Jamusawa suna saye daga Sudan su yi shayi da shi. Mutanen Italiya, masu alfahari da jar giyar inabinsu, sun rungume shi a madadin shayi bayan takunkumin da aka sa musu a 1935, kuma da sunan karkade suka san shi.

To, ga abin lura. Agashe kalmarmu ce, ta shiga bakin kowa daga Hartum har Fot Sudan. Shi kuwa zoɓo a cikin gidajenmu ma yana neman ɓata. Yaƙin da ya ɓarke a 2023, wanda ya ci Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, ya warwatsa iyalai da yawa zuwa garuruwan da yaro ba ya jin Hausa sai a bakin uwarsa.

Ba mu ce a daina cewa karkade ba, da shi muke ciniki a kasuwa. Roƙonmu ga iyaye mata shi ne, in za a miƙa wa yaro kofi, a gaya masa sunan da kakarsa ta sani. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.