Taron da Ba Shi da Jagora

A nazarina na fafutukar Occupy Wall Street, abin da ya fi jan hankalina shi ne tafiyar da taro ba shugaba. Daga 17 ga Satumba 2011, masu zanga-zanga sun mamaye dandalin Zuccotti a birnin New York, suna yanke shawara da yardar kowa. Wannan tsari na anakizim ne, aƙidar ƙin mulkin wani a kan wani, wadda David Graeber ya yi fice wajen yaɗawa. 'Yan sanda sun tashe su ranar 15 ga Nuwamba. A ganina, rashin jagora ya kare su daga sayen baki, amma ya bar su ba mai gabatar da buƙatunsu gaban hukuma.