Sanƙarau sau biyu a jikin yaro ɗaya

A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 da ake zargin sanƙarau ne ya ɗauke su, 15 a Gwandu. Zafi da ƙura da cunkoson ɗaki aka ɗora wa laifi, kuma da hujja. Sai dai akwai yaron da cutar ke saki ta sake kamawa. Sau da yawa wannan gado ne daga uwa da uba: jininsa ya rasa ɗaya cikin sinadarai biyar, C5 zuwa C9, masu haɗuwa su huda bangon ƙwayar cutar. Gwajin CH50 ke tona shi. Idan aka kawo irinsa asibiti a Kalgo karo na biyu, bai kamata a sallame shi ba a tambayi ƙannensa ba.